Yadda Yaya Ya Tayar da Motar Baba

Tun da na yi wayo na san akwai mota a gidanmu na Gwammaja, amma ban taɓa ɗaukarta mota ba. A wurina wani dogon tudu ne lulluɓe da tamfol a ɗakin da muke kira gareji, mai ƙofa ɗaya ta waje, ɗaya kuma ta tsakar gida. A kanta ake jibge tabarmin biki, a jikinta ake jingine buhun gero, a ƙarƙashinta kaji ke ɓoye ƙwai. Ina 'yar mitsitsiya Baba ya rasu, kuma tun kafin rasuwarsa motar ta tsaya. Ko da aka yi mini aure, kusan kullum a gidan nake wuni, domin a nan keken ɗinkina yake, Hajiya mahaifiyarmu kuma ba ta son zaman kaɗaici.

Wata damina ce ta tona ta. Rufin garejin ya soma yoyo, aka kira Yaya, babban wanmu, ya zo ya duba. Shi mai walda ne, ƙofofi da tagogi yake ƙerawa a shagonsa na bakin titi, a lokacin furfura ta riga ta mamaye gemunsa. Muka kwashe tarkacen, ya kama bakin tamfol ya ja. Da ƙura ta lafa, sai ga motar a fili.

Ba irin motocin da na saba gani ba ce. Ƙofa biyu gare ta, gabanta dogo ne har mutum zai iya kwanciya a kai ya miƙe ƙafa, bayanta kuma gajere, ya ɗan tasa kamar dabbar da ta yi kwanton ɓauna tana shirin zabura. Tayoyi sun sace sun manne da ƙasa, tsatsa ta cinye ta, amma duk da haka kwarjini gare ta. Hajiya ta leƙo ta ce ƙirar Amurka ce, Baba ya taho da ita daga Ikko a shekarar da cinikin fata ya yi masa albarka.

Kafin kwana biyu 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun ji labari, suka zo suna tayi. Hajiya ba ta ce a sayar ba, ba ta ce kar a sayar ba. Yaya ne ya sallame su a soro, ya dawo ya durƙusa a gabanta.

"Hajiya, in kin amince, ni zan gyara ta."

"Kai da aikinka ƙofa da taga?"

"Ai duk ƙarfe ne."

"To, Allah ya taimaka. Kar dai ka ƙona mini gida."

Ashe ba duk ƙarfe ne ɗaya ba, shi da kansa ya faɗa daga baya. Da ya ciro kujeru ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, sai ga daɓen gareji ana hangowa ta cikin motar. Gindin ƙofofin kuwa da ɗan yatsa yake huda shi kamar busasshen ganye. Ya ɗauko injin waldarsa ya gwada liƙe wani rami, nan take wutar ta ci wurin, ramin ya ƙara faɗi. Ƙarfen ƙofar gida mai kauri ne, yana jure zafi, jikin mota kuwa siriri ne, rarrashi yake so. Yaya ya ajiye aikin. Ya yi makonni yana sayo yankakkun jikin motoci a kasuwar Ƙofar Ruwa yana koyo a kansu, yana kallon bidiyo a waya, yana zama wurin tsofaffin masu gyaran bodi kamar sabon ɗan koyo. Daga baya ya kawo tukwanen gas da wani siririn bututu mai fitar da shuɗin harshen wuta.

Ni dai ina tsakar gida ina taka keke, sai wata la'asar na ji ya ƙwala mini kira.

"Ke tela, zo da almakashinki da alli!"

Ya nuna mini saman tayar baya, inda ya yanke ruɓaɓɓen wuri ya bar gibi mai lanƙwasa. Ya ce ya auna ya sake aunawa, ƙarfen ya ƙi zama. Na duba na yi dariya, na ce ai wannan hammatar riga ce. Na samo kwalin sabulu, na manna shi a jikin motar, na bi bakin gibin da alli, na yi 'yan tsage-tsage inda ya ƙi kwanciya, na yanke. Ya ɗora kwalin a kan fallen ƙarfe ya fitar da irinsa. Daga ranar na shiga aikin, duk facin da ke jikin motar nan ni na fara yanka shi da kwali.

Saura a yi wa ƙarfen ciki, domin shimfiɗaɗɗe ne, wurin kuma kumburarre. Yaya ya yi ta dube-dube a tsakar gida har idonsa ya faɗa kan wani tsohon turmi da ya tsage, aka daina daka a ciki. Ya mirgino shi gareji, ya ɗora fallen a bakinsa, ya dinga bugun tsakiyar da guduma mai zagayayyen kai, yana juya shi kaɗan-kaɗan. Ina tsaye ina kallo ƙarfe ya soma lotsawa, ya yi ciki kamar ƙwarya. Ya kai jikin motar ya gwada, ya dawo ya ƙara bugu, ya sake kaiwa. Hajiya ta fito jin ƙara, ta riƙe haɓa.

"Turmin kakarku ne fa wannan. Ya daka gero, ya daka dawa, yau ga shi yana dakan mota."

Ranar da zai liƙe facin, ya miƙo mini baƙin gilashin da yake rufe ido da shi, ya sa wani. Ya ce, "Kullum kina kau da kai. Yau ki duba ki ga abin da nake gani."

Da na sa, duniya duk ta yi baƙi ƙirin. Can sai ga ɗan haske, ga bakin ƙarafan biyu sun yi ja, sun yi fari, sai kuma suka narke. Wani ɗan ɗigo ya taru yana sheƙi yana rawa, ruwa sosai, ruwan ƙarfe, bai fi ƙwayar wake ba. Yaya ya tsoma siririyar waya a ciki, ɗigon ya haɗiye ta, ya ɗan matsa gaba, abin da ya bari a baya ya daskare ya zama jiki ɗaya. Ban san lokacin da na ce Subhanallah ba. Abin da na sani shi ne mafi tauri a duniya, ga shi yana gudana yana bin hannun ɗan'uwana kamar man shanu a kasko. Na girma ina ganin mutumin nan da ƙonannun riguna da jajayen idanu, ban taɓa sanin abin da yake kallo ke nan duk wuni ba.

Ba a jere yake ɗinkin ba. Sai ya ɗiga nan, ya tsallaka can nesa ya ɗiga, ya jira ya huce, ya dawo tsakiya. Ya ce in ya bi layi ɗaya zafi zai taru, ƙarfen ya murɗe. Da ya gama ya gurje wurin da inji, tartsatsi na tashi har rufi, sannan ya bi da samfefa. Ya ce in rufe ido in shafa in nuna masa inda facin ya fara. Na shafa na sake shafawa, tafin hannuna bai ji komai ba sai santsi.

Haka muka ci ranin shekarar da daminar da ta biyo. Ba kullum ake samun daɗi ba. Akwai ranar da ya yi gaggawa a ƙofar direba, zafi ya yi yawa, tsakiyarta ta kumbura, in an danna ta yi ɓam ta koma ciki, in an saki ta dawo. Ya rufe gareji, ya yi kwanaki bai leƙo ba. Da ya dawo, sai ya gasa tsakiyar kumburin har ya yi ja kamar garwashi, ya ɗan bubbuga gefensa, ya ce in danna jiƙaƙƙen tsumma. Tururi ya tashi, ƙarfen ya yi wata 'yar ƙara, ya tsuke a ƙarƙashin hannuna. Na ji motsinsa sarai, kamar mai rai.

Da aka zo fenti muka yi gardama. Ni da Yaya mun tsaya a kan ruwan ƙasa ce, abin da muka gani ke nan. Hajiya ta ce kore ce shar, mai duhu, irin ganyen mangwaro. Muka ɗauka tsufa ne. Sai da Yaya ya ɓamɓare robar bakin gilashin baya, inda rana ba ta taɓa shiga ba, ga koren nan yana ƙyalli kamar jiya aka shafa. Hajiya ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta koma ɗaki. Muka rataye tsofaffin zannuwa a bango, muka yayyafa wa daɓe ruwa don kar ƙura ta tashi, ya fesa. Ni kuma na warware tsofaffin kujerun, na fitar da awonsu, na ɗinka sababbi da baƙar leda. Allura nawa na karya, Allah kaɗai ya sani.

Injin kam wani amininsa bakanike ne ya taya shi, suka sauke shi suka wanke, suka mayar. Silinda takwas gare shi, faɗinsa ya cika gaban motar. Wata Asabar da hantsi suka sa batir, suka ɗiga fetur. Yaya ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Ta yi tari, ta yi shiru. Ya sake, ta sake tari. Can sai ta kama.

Ban taɓa jin sauti irin wannan ba. Ba a kunne na fara jin sa ba, a ƙirji ne da tafin ƙafa. Wani gurnani ne mai kauri, a hankali, kamar hadari na tasowa daga ƙarƙashin ƙasa. Kwanukan jeren Hajiya suka ɗauki kaɗawa, tattabarun maƙwabta suka tashi gaba ɗaya. Na waiga na ga Hajiya a bakin ƙofa, ta dafa bango, carbi na lilo a hannunta.

"Haka take," in ji ta. "Tun mahaifinku yana kwanar Dala nake jin sa, in tashi in ɗora ruwa."

Ta share ido da bakin mayafi. Yaya ya kifa kai a kan sitiyari.

Sai da aka buɗe ƙofar waje, wadda ta shekara da shekaru a garƙame, sannan muka ga abin da ba wanda ya yi tunaninsa. Lungun da Baba ya shigo da ita ta ciki ba shi ne na yanzu ba. Wannan ya fito da matakala, wancan ya gina dakali, an haƙa kwata a tsakiya. Yaya ya auna faɗin motar da igiya, ya bi lungun yana gwadawa, ya dawo. A wuri ɗaya ba za ta wuce ba, dakalin wani dattijo maƙwabcinmu ya tare, inda yake zama da almuru tun muna yara.

Yaya ya kasa yi masa maganar. Dattijon ne da kansa ya aiko a kira shi.

"Na ji an ce dakalina ne ya hana ta fita."

"Baba, ai sai mu nemi wata dabara."

"Wace dabara? A cikin motar nan mahaifinka ya kai uwar 'ya'yana asibiti tana naƙuda. Ɗauko gudumarka."

Washegari unguwa ta fito. Aka rushe dakalin, aka shimfiɗa katakai a kan kwata. Ba a tayar da injin ba, da hannu aka tura ta, magidanta sun naɗe hannun riga, wasu na gaba suna cewa dama kaɗan, hagu kaɗan, mata na leƙe ta kan katanga. A wani wurin tsakaninta da bango bai fi a zura tafin hannu ba, na riƙe numfashi har ta wuce. Da ta fito bakin titi rana ta sauka a kanta, koren nan ya ɗauki hoton sama da gidaje da fuskokinmu. Masu adaidaita sahu suka dinga tsayawa, matasa suka ɗaga wayoyi.

Hajiya ta sa aka kawo kasko, ta turara cikin motar da turaren wuta irin na dangin Baba na Barno, sannan ta shiga gaba, ni na zauna a baya. Yaya ya ja mu a hankali, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana kauce wa kowane ɗan rami. Har masu keke suna wuce mu. Muka miƙa hanyar Goron Dutse, titin ya buɗe, ba kowa a gabanmu. Hajiya ta gyara zama ta dube shi.

"Wai gawa ka ɗauko ne? Mahaifinku ba haka yake tuƙa ta ba. Taka ta mana."

Yaya ya kalle ni ta madubi, ya taka. Gaban motar ya ɗaga, wani ƙarfi ya manna ni da kujera, gurnanin ya koma ruri, dutsen ya taho mana a guje. Na ƙanƙame kujerar gaba ina salati. Hajiya kuwa, tsohuwar da sai an riƙe ta take hawa matakala, ta kama mayafinta da hannu ɗaya iska na fizgarsa, tana ƙyalƙyala dariya irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba.

Motar ba ta koma lungu ba, Yaya ya yi mata rumfa a gefen shagonsa. A makon nan ya kawo magini aka mayar wa dattijo dakalinsa, ya ƙera masa abin jingina na ƙarfe a kai. Hajiya kuma ta kafa doka, duk Juma'a bayan la'asar a zo a kai ta gaida ƙanwarta a Jakara, kuma ta doguwar hanya.