Doña Eufronia Mai Ji da Tafin Hannu

Kullum da la'asar Doña Eufronia Chuvé, dattijuwar da ke koya wa yara waƙa, takan fito da kwandon kyandirori, ta zauna a barandar cocinmu, yara su kewaye ta. Ni ke share harabar, shi ya sa na daɗe ina kallo. Ban yi nisa a makaranta ba, amma abin mamaki ba ya wuce ni.

Kowane yaro takan kunna masa kyandir dab da baki. Ya rera, harshen wutar ya rusuna, amma kada ya mutu. Haka take koyar da numfashi.

"Kai Nicanor, waƙa na ce ka yi, ba korar shanun babanka ba. Zo in sake kunna maka."

Hawa da saukar murya kuwa da ƙwayar masara take jera musu a kan benci. Kaji sun sha cinye mata rabin waƙa.

A garinmu akwai waƙar makokin Maryamu da yara kaɗai ke rerawa, ranar Juma'ar da ake tuna mutuwar Yesu. Ba a rubuce take ba, daga bakin kakarta ta ɗauko ta. Waɗanda ta koya wa a da sun girma sun tafi birnin Santa Cruz neman aiki, kowa da guntun da ya riƙe. Cikakkiyar tana wurinta ita kaɗai.

Bara kunnuwanta suka toshe. Fada, limamin cocinmu, matashi ne mai tausayi, ya durƙusa kusa da ita ya ɗaga murya: "Inna, ki huta. Bana sai mu sa wata waƙar a lasifika."

"A lasifika? To wa zai taya Maryamu kuka, Fada? Akwatin?"

Washegari ta jera yaran. Ta riƙa ɗora tafinta a maƙogwaron kowane ɗaya, ido a rufe, tana bin rawar muryar da yatsu.

"Malama, hannunki da sanyi!" in ji Casilda, ƙaramarsu.

"Ke kuma muryarki ta zame, 'yar nan. Hau kaɗan. Yawwa, tsaya nan."

Ke ce uwar muryoyi, Doña Eufronia. Ke ce kika ƙi yarda waƙa ta mutu tare da kunnenki.

Ranar Juma'ar, coci ya cika. Yaran suka tsaya gaban bagade, ita kuma ta rungumi babban ginshiƙin cocin, na katako mai sassaƙa, ta manna tafinta a jikinsa. Da suka kai wurin da muryar ke hawa, inda ko manya ke zamewa, na kasa kunne. Suka haye. Na ga laɓɓanta suna motsi tare da nasu, ba ta riga su ba, ba ta makara ba.

Da aka fito na tambaye ta da hannu ko ta ji.

"Na ji mana, Don Ruperto. Nicanor ya yi gaggawa a ƙarshe."

Nicanor ya sunkuyar da kai. Gaskiya ta faɗa.

Bana ciwon ƙafa ya hana ta fitowa. Yayar Casilda ce ta karɓi kwandon, waƙar kuma tana bakin yara cif, ba guntu ba. Wani lokaci in na gama shara nakan ɗora tafina a ginshiƙin. Ba na jin komai sai ɗumi, amma ni ba ita ba ne.

Mun gode, Inna. Allah ya saka miki. Ku kuma masu karatu, duk mai wata waƙa a bakinsa, ya nemi yaro ya kunna masa kyandir tun kunne yana ji.