Gwadabe Magagari da Kwamfutar Ɗansa

A Sharaɗa in ka ce Malam Gwadabe sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Gwadabe Magagari, har mai shayin bakin titi zai nuna maka ƙofar gidan. Ɗan wani ƙauye ne a bayan Challawa. Mahaifinsa ya so ya riƙe fartanya, shi kuwa ƙarar inji ce ta ɗauke masa hankali tun yana saurayi, ya bi 'yan garinsu zuwa wani kamfanin saƙa. Da shara ya fara, aka mai da shi mai zuba wa injuna mai, a hankali ya zama makaniki.

Injunan kamfanin sun tsufa, kayan gyaransu sun daina zuwa tun da daɗewa. Nan Gwadabe ya yi suna. In wani abu ya karye, sai ya je inda ake jibge matattun injuna, ya ciro mai kama da shi, ya ɗaure a maƙali, ya sa magagari ya yi ta gogewa har sai ya zauna daram. A wurinsa babu wani abu wai shi bai dace ba, akwai dai wanda ba a gama gogewa ba. Kuma gaskiya a faɗe ta, da wannan taurin kan ya ci da iyalinsa shekara da shekaru.

Da kamfanin ya rufe, lokacin da rashin wuta da atamfar waje suka riƙa kwantar da masana'antu daga Bompai har Challawa, an bar ma'aikata su ɗauki abin da ya rage. Masu hankali suka ɗebi yadi. Gwadabe kuwa ya rungumo kwamfutar ofis, ya hau acaɓa da ita. Matarsa Kulu ta dubi akwatin, ta dube shi, ta ce, "Malam, wannan kuma dafawa za mu yi?" Ya ce ta wannan yaron ce.

Wannan yaron shi ne Tijjani, ɗansu na fari. Gwadabe tarbiyyar ƙauye ya samu, inda uba ke jin kunyar ɗan fari: ba ya kiran sunansa, ba ya zaman hira da shi, in zai ba shi abu sai ya ajiye inda zai gani. 'Yan matan da suka biyo baya har wuyansa suke hawa, amma Tijjani tsakaninsu sai gaisuwa. Alhali duk gidan babu wanda Gwadabe yake so kamarsa. Kowa ya san haka, ban da Tijjanin.

Da farko kwamfutar ta yi amfani. Tijjani ya gama sakandare yana jiran gurbin karatu, ya zauna ya koyi buga rubutu. Gwadabe, wanda yanzu gyaran injin markaɗe da janareta yake yi a zaure, yana jin ƙarar madannai ta bango, ransa fes. Sai yaron ya samo faifan wasan ƙwallo ya sa. 'Yan wasan suka riƙa tafiya kamar masu ratsa taɓo, a buga ƙwallo ta tsaya a sama, sai an jima ta faɗo. Tijjani bai yi dogon haƙuri ba. Ya koma wani shagon gem a Ɗorayi, inda samari ke biyan kuɗi su buga wasan ƙwallo a talabijin, ya fita da hantsi, sai dare ya yi a ji motsinsa. Ba ya shan komai, ba ya faɗa da kowa, ba ya nan ne kawai. Kwanonsa ya wuni a rufe, tuwon ya sandare. Wannan kwanon ya fi rufe kamfanin ci wa Gwadabe rai.

Wata rana ya ji Tijjani a ƙofar gida yana ce wa abokinsa, "Ai memorinta ne ya yi kaɗan, da za a sauya da shi ke nan." Gwadabe ya ajiye sifana. Ashe ma gyara ne! Ya shiga ya gaya wa Kulu cewa zai dawo da yaron gida.

"To, ka tambaye shi wane iri ne mana," in ji Kulu.

"Ni in tambaye shi? Da wane bakin? Ke me ya hana ki?"

Kulu ta juya ta ci gaba da tankaɗe, don ita kunyarta ta ma fi tasa.

Da Tijjani ya fita, Gwadabe ya kwance murfin kwamfutar. Ya daɗe yana kallo. Babu bel, babu haƙori mai juya haƙori, babu ko ramin zuba mai. Wani koren allo ne shimfiɗe, da ƙananan abubuwa birjik a kansa, kuma ba abin da ke motsi. To ina aikin yake fitowa? Fanka kaɗai ya gane, ya ɗiga mata mai don ya huce. Ba ya so ya ciro komai kada yaron ya lura, sai ya zari tsinken tsintsiya, duk abin da ya ga alamar yana cirewa ya karya tsinke daidai tsawonsa, ya zuba a aljihu.

A titin Beirut, inda ake sayar da kayan kwamfuta, ya shiga shagon wani saurayi mai suna Abdulbaƙi, ya jera tsinkayensa a kan gilashi. Abdulbaƙi ya dube su, ya danne dariya.

"Baba, da kun kawo kwamfutar dai. Fentiyom nawa ce?"

"Fara ce," in ji Gwadabe.

"A'a, ina nufin... to, bari. In ƙwallo ce ke maƙalewa, wataƙila ma ba memori ba ne, katin hoto ne. In kun sa katin kuma, sai an duba ko abin raba wutarta zai ɗauka. Kuma katin ma iri-iri ne, ya danganta da bod ɗin."

Gwadabe ya ji kansa yana juyawa. Shi da ya zo sayen abu guda, ga shi kowane abu yana da wani abin da yake jira. Ya ce shi dai memori aka ce. Abdulbaƙi ya ciro wani ɗan siririn allo mai zinariya-zinariya a baki. Gwadabe ya gwada tsinkayensa, ɗaya ya yi daidai, ko gashi bai ragu ba. Ya yi hamdala.

"To Baba, na ɗaya ne naku ko na biyu? Tsawonsu duk ɗaya ne."

"Wanne ya fi?"

"Na biyu ya fi gudu, amma fa..."

Gwadabe bai tsaya jin amma ba. Mutum zai saya wa ɗansa abu, a ce ga wanda ya fi, ya ɗauki na baya? Ya karɓi na biyu, ya naɗe a hankici. Abdulbaƙi ya biyo shi har bakin ƙofa yana cewa in bai shiga ba a dawo da shi, kada a matsa.

Bai shiga ba. Gwadabe ya ciro tsohon, ya sa sabon, ya ƙi zama. Ya juya shi, ya ƙi. Ya sa tabarau ya duba da kyau: a bakin memorin akwai 'yar tsaga, a cikin ramin akwai ɗan tudu da ya kamata ya shige ta, sai dai sun saɓa da kamar ƙwayar shinkafa. Wani daɗi ya sauko masa. Tun da ya buɗe akwatin nan, sai yanzu ya ga abin da ya fahimta. Masu ƙerawa sun yi gaggawa, ba su gama aikinsu ba, shi ke nan.

Bayan azahar ya ɗauko ƙaramin magagarinsa, wanda ba ya ara wa kowa. Ya goga, ya hura, ya gwada, ya sake gogawa. Bai taɓa yin aiki mai tsabta kamar wannan ba. Da ya danna, abin ya ce ƙas, ya zauna kamar a nan aka haife shi. Ya tashi janareta, ya yi bisimilla, ya kunna.

Fanka ta juya. Sai wani wari mai ɗaci ya taso, siririn hayaƙi ya biyo baya, fankar ta tsaya. Ya kashe, ya mai da tsohon memorin, ya kunna. Shiru. Ya buga gefen akwatin da tafin hannu yadda yake yi wa injin markaɗe. Shiru. Ya zauna a bakin katifar yaron, magagari a hannu. Ba asarar ce ta fi damunsa ba. Abin da ya kasa ganewa shi ne, ya shiga fa. Duk rayuwarsa abin da ya shiga aiki yake yi.

A haka Tijjani ya same shi, ya dawo sauya riga bayan la'asar. Ya shaƙi warin, ya leƙa akwatin, ya ɗauki memorin daga kan tabarma ya ga inda aka goge.

"Baba, gogewa kuka yi?"

Gwadabe ya dubi bango, ya ce, "Bai zauna ba ne."

"Ai da gangan suka yi tsagar a nan, Baba, don kada ya shiga. Wutarsu ba ɗaya ba ce. Bod ɗin, koren allon nan, ya ƙone."

Da gangan? A ƙera abu, a auna shi, a kuma yi masa abin da zai hana shi shiga? Gwadabe ya juya maganar ta kowace fuska, ta ƙi zama.

"Me ya sa ba ku tambaye ni ba?" in ji Tijjani.

Can daga tsakar gida Kulu ta yi magana, ba da kowa ba, da tukunyarta: "Wai don mutum ya riƙa zama a gida aka yi."

Tijjani ya tsaya yana shafa tsagar da ɗan yatsa. Sannan ya ajiye, ya fita, ya sa takalmi. Gwadabe ya so ya jawo yaron ciki, ga shi ya ƙone abu ɗaya tak da ke zaunar da shi. Sai ya ji takun ya tsaya a zaure.

"Baba, ku taso mu je."

Gwadabe bai tambayi ina ba. Suka shiga A Daidaita Sahu zuwa Ɗorayi, kowa na kallon gefensa. Shagon gem ɗin ɗan ɗaki ne mai zafi, talabijin a jere, samari cike. Da suka ga furfura sai ihu ya mutu, aka yi ta gaisuwa, aka share masa benci. Tijjani ya zauna kusa da shi, kafaɗa na gogar kafaɗa, don wurin ba faɗi. Ya miƙa masa abin bugawa, wanda suke kira hannu. Gwadabe ya juya shi yana neman inda ake kwancewa.

Aka hura usur. A cikin talabijin ƙananan mutane suka watsu a fili, kowa na gudu. Ya danna nan, ya danna can, bai ga abin da ya sauya ba. Gumi ya karyo masa. Ya juyo, ya dubi ɗansa ido cikin ido.

"Kai, wanne ne ni?"

"Ku ne wancan da ke tsaye, Baba."

Tijjani ya ajiye nasa hannun a cinya, ya ɗora babban yatsansa a kan na mahaifinsa, ya tura a hankali. Ɗan mutumin ya fara tafiya.