Taku Arba'in Daga Gindin Ganuwa

Wanda bai san cikin birnin Zazzau ba yana ɗauka duk abin da ganuwa ta kewaye gidaje ne da lunguna. Ba haka ba ne. In ka baro Kusfa ka nufi Ƙofar Kuyambana, tun ba ka isa ba gidaje za su fara ba juna tazara, sai kududdufai, sai gonakin dawa da rogo. Kakanninmu da gangan suka haɗa gonaki cikin ganuwa, don in yaƙi ya sa an rufe ƙofofi a samu abin kaiwa baka. Yaƙi ya wuce, gonakin suka saura, yanzu bulo ne yake cinye su kaɗan-kaɗan. Ni ma ina cikin masu bulon.

A can gonar mahaifina take. Tsakaninta da ganuwa akwai wata siririyar gona ta gidan wani malami, abokin Baba tun suna makarantar allo. Ba mu da takarda, su ma ba su da ita. Abin da muke da shi magana ce guda da Baba ya sha nanata mana: iyakarmu taku arba'in ce daga gindin ganuwa. Gambar da aka dasa a kan iyakar tuni awaki da masu saƙar zana suka gama da ita, amma hakan bai taɓa damuna ba. A ganina ciyawa ce ke mutuwa, ganuwa kuwa tana nan inda aka bar ta.

Da Baba ya rasu aka raba gado, ɓangaren da ke kallon ganuwa ya faɗo mini. Na daɗe ina haya a Tukur-Tukur, ga 'ya'ya mata uku sun fara girma suna kwana a falo. Don haka na ɗauki magini muka je. Na jingina bayana da ganuwa, na ƙirga taku arba'in, har na ƙara biyu don tsantseni, ina jin kaina wani babban mai tsoron Allah. Muka ja igiya, aka haƙa harsashi. Ɗaki biyu ne, namu da na yaran, nasu shi ne ta wajen ganuwa. Kafin damina ta kankama gini ya kai linta.

Wata Juma'a na biya gidanmu na Kusfa gaida Gwaggo, yayar Baba, ina nuna mata hotunan ginin a waya. Idonta ya yi rauni, ba ta ma kalla ba.

"Daga ina ka ƙirga?" ta tambaye ni.

"Daga gindin ganuwa mana, Gwaggo, yadda Baba ya ce."

"Wane gindin? Na yau ko na da?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce lokacin da take kai wa kakanmu abinci gona, ganuwar wurin kaurinta ya ninka na yanzu ba sau ɗaya ba. Duk bazara mutane kan zo da jakuna su sari ƙasa ta cikin gari, su je su yi yaɓen gidajensu kafin ruwa ya sauka.

"Har da ubanka," in ji ta. "Bangon ɗakin nan da ka jingina da shi, daga ina kake tsammani ƙasarsa ta fito?"

Nan take na yi lissafi. In gindin ganuwa ya ja da baya, to daga baya na fara ƙirge, ke nan taku arba'in ɗina a cikin gonar Malam suka ƙare.

Makonni uku na yi ban gaya wa kowa ba. Kullum na tashi daga ofis sai na wuce wurin, in yi ta takawa kamar wanda ya yar da makulli. In yi dogon taku, in yi gajere, duk don lissafi ya ba ni gaskiya. Abinci ya daina shiga. Matata kuwa har ta kai yadin labule wajen tela. Na ji haushin Gwaggo ƙwarai, na ce tsufa ne kawai, ta bar mutum da kwanciyar hankalinsa mana. Ga shi babu wanda ya yi ƙorafi. Malam yakan wuce ya ɗaga mini hannu ya ce Allah ya sa albarka. Sai dai duk wanda ya tashi a cikin birnin nan ya sha jin wa'azin abin da ke jiran wanda ya ci ko ɗani ɗaya na ƙasar wani. Tsoro biyu ne suka sa ni a tsakiya, tsoron rasa ginin da tsoron kwanta dama a kan haram, kuma ban san wanne ya fi cin raina ba.

Da abin ya ishe ni na koma wurin Gwaggo. Ta ce kakanmu bai yarda da gamba kaɗai ba, ya binne ɓarin dutsen niƙa a kan iyakar, kuma tana tsaye aka binne. Ran Asabar da hantsi na ɗauko ta a keke mai ƙafa uku, na aika aka kira Malam, magini ya zo da diga.

Ta sa aka tsayar da ita a gindin wata tsohuwar kanya da ke gefen gonarmu, ta ce a juya ta ta fuskanci dutsen Kufena, sannan ta miƙa sandarta. Muka bi saitin sandar. Aka tona wuri na farko a wajen ginin, babu komai. Na biyu ma haka. Wallahi har na fara jin numfashina yana dawowa. Sai ta ce, "Ku shiga ciki." A daidai bakin ƙofar ɗakin yaran, sara na huɗu, diga ta yi ƙara. Magini ya sa hannu ya share ƙasa, ga ɓarin dutsen nan a kwance, da kwarminsa na niƙa. Ɗakin gaba ɗaya yana hayin iyaka.

Na juya wurin Malam.

"Allah gafarta Malam, ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba, ɗana," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ni na gani tun ranar da kuka ja igiya. Nauyin mahaifinka ne ya ɗaure mini baki."

Na ji kamar in yi ihu. Da ya yi magana a ranar, igiya kawai za mu matsar. Amma na danne, na roƙe shi ko zai sayar mini da wurin. Ya girgiza kai.

"Da rabona ne, da kyauta zan ba ka. Na marayun ƙanena ne. Amana ce a hannuna har su girma, ba ni da ikon ɗani ɗaya a ciki."

Sai a lokacin na lura da yadda ya rame. Ashe duk watannin nan shi ma ba barcin kirki yake yi ba.

Ran Litinin aka fara sauke bulo, ɗaya bayan ɗaya, fiye da rabi suka farfashe. Na zaɓi ranar makaranta don kada yaran su gani, na kuma roƙi matata ta bar ni in gaya musu da kaina, amma na yi ta ɗagawa. Da ƙarshen mako suka matsa sai an kai su ganin gida, na rasa dalilin hanawa. Ƙananan biyu suka ruga suna wasa a kan tarin ɓaraguzai. Babbar ta tsaya a inda ƙofar take a da, ta daɗe tana kallon fili.

"Baba, ɗakinmu fa?"

Na ce, "Ba namu ba ne."