Abin da Ke Tsayar da Maigidana a Hanya

A farkon shekarun 1950 ina matar aure mai 'ya'ya uku a Kafanchan. Maigidana kafinta ne a reluwe, ya girme ni sosai, taba ba ta barin bakinsa. Ni kuwa a lokacin abu kaɗan ke sa ni zargi.

Maƙwabciyata ce ta tsegunta mini cewa kullum in ya taso aiki sai ya zauna a bencin wata gwauruwa 'yar Kwoi mai sayar da citta. Na laɓe bayan mangwaro na gani da idona, ba sau ɗaya ba. Da na tambaye shi, ya ce gaisawa kawai suke yi, ya kau da kai. Kau da kan nan ya hura mini wuta, har rigarsa na riƙa shinshinawa. Wata Lahadi bayan sujada na tare matar a gaban matan zumunta, na faɗa mata abin da har yau nake kunyar maimaitawa. Ta ce in je in duba ƙafar mijina, na ɗauka baƙar magana ce. Ba ta sake zuwa majami'a ba, kafin girbi ta koma garinsu.

Maigidana ya daina tsayawa ko'ina. Yakan shigo jiƙe da gumi yana cije leɓe, ni ina ganin na yi nasara. Sai da babban yatsan ƙafarsa ya yi sanyi ya fara baƙi muka je asibitin mishan. Likita ya ce jijiyoyin jininsa ne suka toshe. Ya ce inda jijiya ta miƙe, jini na wucewa sumul, amma inda ta rabu biyu ko ta lanƙwasa, jini na jujjuyawa, a nan kitse ke fara maƙalewa tun mutum na saurayi, kamar yashi a kwanar rafi. Taba kuma ta ƙara. In ya yi tafiya jini ba ya isar sharaɓarsa, dole ya huta, kuma daidai ƙofar matar ciwon ke kama shi. Tsoron sallama daga aiki ya sa ya ɓoye.

An yanke ƙafar daga gwiwa. Har Allah ya ɗauki ransa bai taɓa yi mini gori ba, wannan ya fi zagi ciwo. Matar kuwa ban sami neman gafararta ba.

'Yan'uwana mata, zato zunubi ne. In kun ga halin mutum ya sauya, ku tambayi lafiyarsa kafin ku tuhumi amanarsa.