Baitin da Allura Ta Cinye

Wanda ya san Arlit ta yau, da motocin ma'aikata da 'yan kabu-kabu, ba zai yarda ba idan na ce na sha kwana a wurin lokacin da babu ko bango ɗaya. Fili ne fetal, sai duwatsu da iska. A shekarun ƙarshe na mulkin Faransa ina tuƙa wa wasu Nasara mota, masu yawo da wani ɗan akwati da ke ƙara idan an kai shi kusa da dutse. Ba su gaya mana abin da suke nema ba, mu ma ba mu tambaya ba. Namu dai mu tuƙa, mu tono taya daga rairayi, mu kafa tanti.

Kukunmu mutumin Damagaram ne, yana da garmaho irin wanda ake wanawa da hannu, da faifai uku. Biyu kiɗan soja ne, ko akuya ba za ta tsaya saurarensu ba. Na ukun shi ya hana ni sakat. Wata mawaƙiya ce ta ƙasar su kuku, da kalangu da 'yan amshi, tana waƙar wata mata da mijinta ya bi ayari ya bar takalmansa a ƙofar ɗaki. Kullum sai ta ɗaga su ta share ƙarƙashinsu, ta mayar da su yadda ya bari. Ni mutumin Abzin ne, da Tamajak na tashi, Hausata a lokacin ta ciniki ce kawai. Rabin Hausar da nake rubutu da ita yau a bakin matar nan na tsince ta.

Sai dai faifan ya taɓa faɗuwa, ya tsage kusa da tsakiya. Daidai inda matar ta ji kukan raƙumi a bayan gida ta miƙe, sai allura ta yi tsalle ta koma baya. Ta ji kukan raƙumi, ta miƙe. Ta ji kukan raƙumi, ta miƙe. Idan ka tura allurar gaba da yatsa, ka tsallake baitin ƙarshe ke nan, sai amshi da rufewar kiɗa. Na ɗora tsakuwa a kan allurar, ban ci nasara ba. Na shafa wa tsagar man mota, saura kaɗan kuku ya kwaɗa mini ludayi. Shi ma bai san ƙarshen ba, a haka ya sayi faifan a hannun wani soja.

"Yo kai ne mijin?" in ji shi. "Ina ruwanka in ya dawo ko bai dawo ba?"

Da ruwana mana. Aurena bai cika shekara ba, na bar matata a wajen Gugaram, wata huɗu rabona da ita. Ina so in san ko mai takalman ne ya dawo, ko raƙumin wani ne kawai ya ratsa.

Ana nan sai ɗaya direban, da yake mu biyu ne, ya dawo daga Agadas da labari: mawaƙiyar tana gari, ranar Asabar bayan la'asar za ta yi wasa a babban filin da ke bayan bariki. Tafiyar ɗauko mai da garin burodi ta gaba ba tawa ba ce. Na bi direban nan da lallashi har ya bar mini, bisa sharaɗin in ɗauke masa jigilar ruwa sau biyu, aikin da kowa ke gudu. Muka kama hanya ni da kuku. Kwana biyu muka yi, sau uku mota tana kafewa a kori, wato busasshen rafi, ina tona ina zagin rairayi da harsuna biyu. Da azahar ta Asabar muka shiga gari. Na yi wanka, na naɗa sabon rawanina mai rinin baba, wanda nake ɓoyo saboda ranar komawa gida.

An kewaye filin da zana, ƙofa ɗaya tal, wani gardi mutumin Tawa yana yage tikiti da bulala a hammata. A gefe guda an yi wa kumandan da manyan gari rumfa da kujeru, an ɗaura wani ƙaton ƙaho na ƙara murya a kan sanda, bakinsa yana kallon rumfar. Sauran jama'a kuwa a ƙasa, an yi da'ira, mata gefe, maza gefe. Na kutsa da kafaɗa, na taka ƙafafun bayin Allah ina ba da haƙuri, har na sami gaba-gaba. Tsakanina da tabarmar makaɗa bai fi taku goma ba. Masu kalangu suna gyaran tsirkiya, ni kuwa zuciyata ta riga su fara kiɗan.

Ina cikin gyara zama na ɗaga kai, sai ga surukina a ɗaya gefen da'irar, daidai saitina.

Bahaushe zai ce yaya aka yi na gane shi, tunda dukanmu ido kawai muke bari a waje. Mu ba ma ɓata wa juna. Na san zamansa, na san yadda yake kwantar da sanda a kan cinya, na san jakar fata mai jan tuntu da ke rataye a wuyansa. Tsohon madugu ne, ya yi shekaru yana kai gishiri kudu. Na ɗauka yana can Gugaram wajen raƙumansa, ashe ya shigo gari sayen gero.

A wurinmu mutum ba ya ci ko sha a gaban surukinsa, ba ya kiran sunansa, ba ya haɗa ido da shi. Idan kun yi kiciɓis a hanya sai ka ja amawali har ƙarƙashin ido ka kauce. Balle a ce ku zauna a dandali ɗaya ana waƙar mace da namiji, kai kana kaɗa kai, uban matarka yana kallonka. Ba wanda zai dake ka, ba wanda zai ci ka tara. Za a dai riƙa faɗa a bakin rijiya har jikokinka su ji.

Na ja amawali sama har ya taɓa gashin idona. Na ce a raina tsoho ne, idonsa ya yi rauni, ga jama'a kamar fari. Sai guɗa ta tashi, mawaƙiyar ta shigo. Gajeruwa ce, ta manyanta fiye da yadda na zata, da zane baƙi da taba a leɓe. Ta buɗe baki, muryar nan ta fito ba tare da shashshakar faifai ba, tsigar jikina ta tashi. Ba waƙata ta fara da ita ba. Ta fara da wata ta tsokanar magidanta, mai maganganun da ba a yi a gaban manya. Fili ya kece da dariya. Na saci kallon tsohon, na ga kamar kansa ya juyo wajena. Na daure baiti ɗaya, na daure na biyu, a na uku na miƙe.

Kuku ya riƙe mini riga. "Ina za ka? Yanzu fa aka fara!"

"Surukina," na ce.

"To sai me? Shi ma ba kallon ya zo ba?"

Na fizge rigata. Ƙafafun da na taka da shigowa na sake taka su da fita, wannan karon ba wanda ya karɓi haƙurina. A ƙofa gardi ya tare ni da bulala.

"Kai, ina za ka tahi? In ka hita ba ka komowa, ka jiya?"

"Na ji."

"Mi ya same ka?"

"Cikina ne," na ce masa, don shi ne abin da ya zo bakina.

Na zagaya bayan zana ina neman inda zan ji. Ƙahon nan kumandan kaɗai yake yi wa magana, mutumin da ko gaisuwar Hausa sai da tafinta. Inda na tsaya kalangu ne kawai ke isowa, muryar kuwa iska ta kawo ta, ta kwashe. Na manna kunne a zana, wani gardin ya kore ni. Na koma wajen da aka ɗaure jakuna na tsuguna. Dab da magariba na ji kiɗan ya sauya, na gane shi tun daga bugun farko. Na bi waƙar da bakina: ga takalma, ga shara, ga kukan raƙumi, ta miƙe. Na kasa kunne. Sai fili gaba ɗaya ya ɗauka da ihu da guɗa, tsawon baitin nan cur ba su sassauta ba. Da suka lafa, amshi ake yi. Na cire takalmina na maka wa zana, don takaici har hawaye na yi a cikin rawani.

Da aka watse na tare kuku. "Mijin ya dawo?"

"Wallahi ban ji ba. Ai lokacin ta cire ɗankwali ta shiga rawa, wa ke ta kalmomi?"

Na tambayi wani mai shayi, ya ce ya dawo. Na tambayi wani tela, ya ce ai gawarsa aka kawo. Ka ji mutanen da suka zauna a ciki har ƙarshe. Kwana biyu na tuƙo kuku zuwa sansani, sannan na yi jigilar ruwana sau biyu.

Sai bayan damina na sami zuwa gida. Na ba matata labari ina tsammanin za ta tausaya mini, sai ta kama dariya har da riƙe ciki. Ta ce mahaifinta ya dawo daga tafiyar nan kwana uku yana faɗa da raƙuma ba gaira ba dalili. Daga baya ya gaya wa mahaifiyarta cewa ya gan ni tun ina taka ƙafafun mutane. Da ya ga na sunkuyar da kai, sai ya lallaɓa ta bayan rumfa ya ɗaga zana ya fice, ya ce yaron nan daga nesa ya zo, shi kuwa ya sha jin matar a Damagaram, duk waƙoƙinta yana da su a ka. Ni ina ta kutsawa wajen ƙofa ban waiwaya ba, shi kuma bai ga tashina ba. Mu biyu muka bar wa masu ihu filin.

Mawaƙiyar ba ta sake zuwa Abzin ba. Faifan ma rana ta lanƙwasa shi a bayan mota kafin shekara ta zagayo. Surukina kuwa ya yi tsawon rai, kuma duk zuwana gida tantinsa yana nan kusa da namu. Na roƙi matata ta tambaye shi, ta ce in rufa mata asiri, wace 'ya ce za ta tambayi ubanta irin wannan waƙa. Da hantsi yakan zauna yana tufka igiya, yana rera ta a maƙogwaro, ba kalmomi, daga bayan amawali. Nakan laɓe bayan raƙuma in saurara. Ina jin sa yana isowa wajen kukan raƙumi, ya wuce sumul, ba tsalle. Da zarar ya hango inuwata sai ya yi shiru, ya ja amawalinsa sama, ni ma in ja nawa.