Zalɓen Haya

Wangsa Maju

Ina idar da sallar asuba na fita, gari bai waye ba, zuciyata cike da Rumaisa. Wata mai zuwa za a kai gaisuwar aurenmu a Kano. Abbanta, wanda duk Asabar yake tafiya madatsar Tiga da fatsa, abu ɗaya ya roƙa daga nan Malesiya, inda nake zaune: injin naɗe zaren fatsa mai tambarin zalɓe, irin wanda ya taɓa mallaka yana saurayi. Rumaisa ta ce, "Masoyi, in ka kawo shi, ka gama da Abba." A cikin jirgin ƙasa na LRT har ganina nake durƙushe gabansa, ita kuma tana leƙe ta labule.

Pudu

Na sha shayi a mamak, wato gidan abinci na bakin titi, har shaguna suka buɗe. A na farko na ga zalɓen. A na biyu ma na gan shi, amma wani fasali daban. A na uku sai ga shi a jikin lema, da hula, har da silifas! Na ɗauki injin da ke shagon, sakayau kamar kayan wasan yara. Na juya hannun, ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

"Ankul, wannan na asali ne?" na tambayi mai shagon.

"Na asali mana! Kamfanin ya daina ƙira. Suna kawai yake bayarwa haya. Duk masana'antar da ta biya sai ta manna tsuntsu."

"To wa ya ƙera wannan?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Kai dai tsuntsu ka tambaya."

Raina ya ɓaci. Wato mutane su yi shekaru suna gina suna da ƙarfe mai kyau, magadansu su zauna a ofis suna ba da shi haya kamar rumfar biki! Ko na jabu ya fi mutunci, shi ya san ɓarawo ne. Wannan kuwa da izini ake yaudararka.

Gombak

Mai shagon ya kwatanta mini wani tafki inda ake biya a yi fatsa, ya ce can zan samu irin na da. Na hau tasi ina ta faɗa ni kaɗai, direba na kallona ta madubi. Can na samu wani dattijo Bamalaye, Pak Cik ake ce masa, ya baza tsofaffin injina a kan tabarma. Ya miƙo mini ɗaya mai nauyi, fenti ya goge, zalɓen ma saura ƙafa ɗaya. Na biya na ɗauka.

Gida

Bayan la'asar na kira Rumaisa ta bidiyo. Tana ganin injin ta ɓata fuska.

"Haba Nura! Wannan gwangwanin za ka kai wa Abba? Ina kwalin? Ina tsuntsun? So kake 'yan'uwana su yi mini dariya?"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. "Tsuntsun yana jikin silifas, in shi kike so!"

Ashe Abba na kusa. Ya karɓi wayar, bai ko dubi allon ba.

"Juya hannun in ji."

Na kanga shi a bakin wayar na juya. Ƙis-ƙis-ƙis, a hankali.

Sai ya ce, "Sake juyawa, ɗana."

Alhamdulillahi da Ya dawo da ni lafiya. Rumaisa dai har yanzu ba ta ɗaga wayata ba, amma Abba ya kira sau biyu.