Gero Ya Shiga Rumbu, Wake Na Gona

Daga Ƙonni

Muna sallame asuba motar kotu ta tsaya ƙofar gidana. Ni ina cikin dattawan da akan zaunar gefen alƙali su faɗa masa al'ada, kuma wannan tafiya ba don ina so na yi ta ba. Mai shari'a Hadiza na gaba, yarinya ce sa'ar 'yata ta biyu, ga tabarau, ga taurin kai irin nawa.

Maganar da ta fito da mu ita ce: wani ƙauye na ƙasar Dogarawa yana da alkawari da Fulanin Arɗo Sambo tun kakanni, cewa ranar da aka ɗaure damin gero na ƙarshe, gonaki na shanu ne. To bana gero ya lalace, mutane suka bi ruwan ƙarshe suka zuba wake. Yanzu an ɗaure gero, wake kuwa ɗanye shar. Shanu na bakin burtali da yunwa, manoma na bakin gona da adduna. Masu sarauta sun yi sulhu ya ƙi.

A shingen binciken motoci na Tsarnawa jandarma ya leƙo, ya gane mu, ya ce, "Ku hanzarta, jiya har an fasa ma wani kai."

Malbaza

Nan muka tsaya shayi da burodi, nan kuma muka fara gardama ni da ita. Na ce mata ni ban ga abin wahala ba. Gero aka ce, an ɗaure gero, a buɗe wa shanu.

Ta ce, "Baba, a lakwal, makarantar koyon shari'a, mun shekara muna wannan gardama kan tsarin mulkin ƙasa. Wasu malamanmu sun ce alƙali ya tsaya kan kalmar da aka rubuta. Wasu sun ce ya nemi abin da masu rubutun suka nufa. Wasu kuma sun ce doka tana girma tare da mutanenta."

"Ke wane kika bi?"

"Wanda ba ya sa a kashe mutum."

Na ce wannan ba amsa ba ce, dabara ce. Idan kowane alƙali zai ja magana ta kai inda ransa ke so, me ya rage na alkawari? Direba dai ya shanye shayinsa ya tayar da mota, ya bar mu da halinmu.

Dogarawa

Muka bar kwalta muka bi turɓaya. Tun daga nesa na hango manoma da makiyaya. Sahu biyu ne, tsakaninsu bai fi jifan dutse ba. Shanun kuwa haƙarƙari a waje, suna miƙa wuya wajen koren ganye, makiyaya na tare su da sanduna.

Arɗo Sambo ya tako, dogon tsoho mai magana a hankali. "Ranki shi daɗe, ba mu ƙara ko kalma guda ba. Gero anka ce. Ku duba rumbunansu."

Maigari Illa ya katse shi. "Rumbu wane? Ku leƙa ku gani! Wanga wake shi na abincin ɗiyanmu bana. Kakanninmu ba su yi alkawalin kashe jikokinsu da yunwa ba."

Wata saniya ta kufce ta nufi gona. Wani saurayi ya ɗaga adda. Ban san lokacin da na kurma ihu ba, har rawanina ya kwance. Aka komo da ita da ƙyar. Mai shari'a ta tambaya ko akwai wanda ya ga ranar alkawarin da idonsa. Suka ce saura mutum ɗaya, Malam Ɗan Jimma, yana wajen 'yarsa a Badaguishiri. Ta sa ɓangarorin biyu suka yarda ba mai motsawa sai mun dawo, aka bar jandarmomi biyu a tsakani. Na dube su, na dubi taron, ban ga abin da mutum biyu za su iya ba.

Badaguishiri

Muka koma baya muka hau hanyar Tawa. A mota jandarmomin sai kiran wayar mai shari'a suke yi, tana cewa, "A'a, ku riƙe su." Bayan azahar muka gangara kwarin Badaguishiri, muka sami tsohon kan tabarma, idanu sun tafi amma kai garau. 'Yarsa ta kawo fura, na kurɓa don kunya kawai.

Mai shari'a ta durƙusa. "Kaka, da kuka ce gero, har da wake kuke nufi?"

Ya yi dariya. "Ɗiyata, wa yat tuna da wake? Lokacin nan wake ƙarƙashin hatsi shi ke, mata su rore abinsu, harawa shanu su cinye. Ba mu san za a yi shekarar da wake za ya zama shi na hatsi ba."

Na ji daɗi, na ce to ga shi, ba su nufi wake ba. Ta ce ba su kuma hana shi ba. Ta sake tambayarsa me ya sa suka yi alkawarin tun farko.

Ya ce, "Mun gaji da gina kushewa. Mutanenmu biyu, nasu ukku, damana guda."

A hanyar komowa na ba ta shawarata kamar yadda aiki ya ɗora mini: a bi kalma. Ta ce ta ji. Na san irin wannan "na ji", matata ma tana yi mini shi.

Dogarawa kuma

Muka iso rana ta yi ja. Sahun nan biyu sun ƙara matsowa, har mata sun fito bayan mazansu. Mai shari'a ta hau bayan mota ta yi magana. Ta ce masu alkawari sun tsare abincin manomi da abincin saniya ne gaba ɗaya. Saboda haka shanu su shiga gonakin da ba wake yau, su jira sauran har a gama roro. Harawa kuma, wadda yanzu manoma ke ɗaurewa su kai kasuwa, ba mai taɓa ta bana, ta shanu ce.

Manoma suka ɗau guna-guni, Fulani suka juya suna duban shanunsu. Gonakin da ba wake kaɗan ne, kowa ya sani. Amma addunan suka fara sauka ɗaya-ɗaya, ni kuwa na zauna a ƙasa.

Muna shirin tafiya na ga an kwantar da wata farar saniya a bakin burtali ana neman wuƙa, don ba za ta kai ranar roro ba. Arɗo ya zo jikin tagar mota, bai dube ni ba, mai shari'a ya duba.

"Mun bi, ranki shi daɗe. Amma ubana ya bar mani magana guda, na san ta, na san ranarta. Yanzu in ɗiyana sunka tambaye ni yaushe gonaki ka zama namu, mi zan ce masu? Sai wani ya taho da mota ya hwaɗa?"

Direba ya ja.

Gida

Muka shigo Ƙonni ana kiran isha'i. Na gode wa Allah da ba a zubar da jini ba, na gode wa direba da mutanen Badaguishiri da suka karɓe mu. Da zan sauka ta riƙe ƙofa ta ce, "Baba, da kai ne, me za ka ce wa Arɗo?"

Na ce da ni ne bai yi tambayar ba, da shanunsa sun ƙoshi. Sai dai da Maigari Illa ne zai tsaya jikin tagar, shi ma da nasa 'ya'yan, kuma shi ma ba ni da abin da zan ce masa.